Baƙon da ba ya sallama: Jirgin ɗaukar hoto da haƙƙin tsakar gida

A ƙarshen shekarar 2024, bayan an gama kai amfanin gona gida, muka aurar da 'yar yayana a garinmu Kambaza, cikin ƙaramar hukumar Gwandu. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, kuma ni ake yi wa kallon mai albashi, sai aka ɗora mini nauyin abu biyu, wato lemon baƙi da mai ɗaukar hoto. Na samo wani matashi daga birni, mai ladabi da fara'a, ya iso da kayan aikinsa cikin jaka, daga ciki har da wata 'yar na'ura mai farfela huɗu wadda ba ta fi tantabara girma ba. Ya shaida mini cewa a zamanin nan, bikin da ba a ɗauke shi ta sama ba bai cika biki ba. Na ƙara masa kuɗi a kan haka, ina ta murna zan burge dangi.

Ranar ɗaurin aure abin ya tashi yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma, yara suka bi shi da ihu, dattawa suka ɗaga kai suna salati. Bayan kwana uku ya turo mana bidiyon, ya kuma yanki wani guntu ya ɗora a TikTok domin tallar sana'arsa. Gaskiyar magana aikin ya yi kyau. Ban taɓa ganin garinmu haka ba: ga masallaci, ga rumbuna cike, ga jerin motoci da babura, ga manyan riguna fari fat a ƙofar gida. Sai dai a cikin 'yan daƙiƙun da jirgin ya yi yana juyowa, ya ratsa ta saman gidan maƙwabcinmu, aminin marigayi mahaifina, wanda tun ina yaro nake kira Baffa. Aka ga matar ɗansa tana wanki da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali. Aka ga 'yarsa budurwa, wadda aka riga aka sa wa rana, ta fito daga makewayi riƙe da buta. Mai karatu ya san makewayin ƙauye ba ya da rufi.

Kafin in ankara, guntun bidiyon ya zagaya wayoyin samarin gari, har ya isa gidan da za a kai yarinyar. Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, kai da kay yi karatu, hwaɗa mani. Shekara sittin ubanka bai taɓa wuce zauren ga ba sai da sallama. Wanga abu da yab biyo ta bisa, wa yab ba shi izni?” Na ba shi haƙuri iyakar iyawata, amma ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Wannan tambaya ce ta sa na kwashe watanni ina bin dokokin ƙasar nan, ni da ba lauya ba, ina neman inda aka tanadi wani abu domin mutum irin Baffa.

Abin da na fara tararwa shi ne, doka ta san da zaman wannan na'ura. Tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, ta sanar da haramta tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar Nijeriya sai da izininta da kuma na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Sharuɗɗan da aka gindaya wa masu neman yin sana'a da shi a wancan lokaci sun haɗa da rajistar kamfani mai jarin Naira miliyan 20 da biyan Naira 500,000 kuɗin duba takardu, ban da tantancewar jami'an tsaro. Daga baya aka yi sabuwar Dokar Sufurin Jiragen Sama a 2022, sannan ƙa'idojin hukumar na 2023 suka keɓe kashi na 21 kacokan domin irin waɗannan jirage. A takarda dai babu wanda zai ce an yi sakaci.

To amma a tambayi matashin da na ɗauko ko ya taɓa jin labarin kashi na 21. Jirginsa na hannu ne ya saya a wajen abokinsa, ya koyi tuƙi a YouTube, kuma abin da yake samu a biki guda bai kai ya yi mafarkin jarin miliyan 20 ba. Idan aka tsawwala sharaɗi har ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, ba daina sana'ar yake yi ba, daina neman izini yake yi. Sakamakon haka shi ne kamfanonin safiyo da na mai da na gine-gine suna da takardu, su kuwa masu bin bukukuwa da tarukan siyasa da hawan sallah, waɗanda su ne jiragensu ke shawagi a kan gidajen mutane, babu wanda ya san adadinsu balle ya koya musu ladabin aiki.

Wani abin lura kuma shi ne inda idon waɗannan hukumomi yake. NCAA tana duban sama ne: kada 'yar na'urar nan ta ci karo da jirgin fasinja, kada ta kusanci filin jirgi irin namu na Ambursa, kada ta faɗo a kan taro. Tana da hujja, domin a watan Disambar 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya tsayar da filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka kusan 1,000, matafiya wajen 140,000 suka yi cirko-cirko. Ofishin tsaro shi kuma yana duban maƙiyi, shi ma da hujjarsa, musamman tun da 'yan ISWAP suka fara ɗaura wa ƙananan jirage abin fashewa suna kai wa sojoji hari a Borno a ƙarshen 2024, abin da ya sa rundunar soji ta haramta tayar da su a Arewa maso Gabas a watan Janairun 2025. Duk wannan daidai ne. Amma matar da ke wanki a tsakar gidanta ba jirgin fasinja ba ce, ba kuma barikin soja ba. Babu wanda aka ɗora wa alhakin dubanta.

Da na koma ga Kundin Tsarin Mulki na 1999, sai na sami sashe na 37, wanda ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta tarho. Na kuma sami Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta ba wanda aka cuta damar kai koke gare ta ko ya nemi diyya a kotu. Hoton da za a iya gane mutum a cikinsa yana cikin bayanan da wannan doka ta kare. Ta yafe wa wanda ya ɗauki bayanai don amfanin kansa ko na iyalinsa, amma da sharaɗin kada ya keta haƙƙin sirrin wani, kuma mai ɗaukar hoton da ya karɓi kuɗi ya ɗora a intanet don talla ba zai fake da wannan ba. Ke nan a ƙa'ida Baffa yana da ƙara. A zahiri kuwa, ana so dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu ya rubuta koke da Ingilishi zuwa Abuja, ko ya ɗauki lauya a Birnin Kebbi, ya je gaban alƙali a sake kunna bidiyon surukarsa a bainar jama'a domin kafa hujja. Wanda ya san Bahaushe ya san ya gwammace ya haɗiye.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe ta shigo, kuma ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kai, don ina ganin rabin matsalar a harshe take. Da farko dai har yau ba mu daidaita a kan sunan abin ba. Gidajen rediyo suna cewa jirgi maras matuƙi, wasu su ce jirgi mai sarrafa kansa, wasu kurman jirgi, samari kuma su ce duron, kalmar da asalinta a Ingilishi take nufin namijin ƙudan zuma. Ko ɗaya daga cikin sunayen nan bai ambaci kyamara ba, alhali ita ce ta shafe mu. Bugu da ƙari, suna guda muke kiran 'yar na'urar DJI mai nauyin giram 249 da kuma jirgin yaƙin da ya jefa bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, ya kashe mutum aƙalla 85 a ƙidayar hukuma. Mutumin karkara da ya ji labarin Tudun Biri a rediyo, sannan ya ji ƙugi a saman gonarsa, a jihar da Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, ba shi da hanyar sanin ko gwamnati ce, ko ɗan ta'adda ne, ko ɗan biki. Na ga tsohuwa ta saki tsintsiya ta shige ɗaki da gudu ranar bikinmu, muka yi dariya. Yanzu in na tuna kunya nake ji.

Ta biyu kuma ita ce kalmar da na yi amfani da ita a sama, wato sirri. Da ita muke fassara abin da sashe na 37 ya kare, amma ba ta cika ma'anar ba. Sirri, kamar 'yar'uwarta asiri, daga Larabci muka aro ta, kuma tana nufin abin da aka ɓoye kada a sani. To wane sirri ne a cikin wanki? Kowa a Kambaza ya san matan gidan Baffa suna wanki, suna daka, suna shiga makewayi. Babu labarin da ya fita wanda ba a sani ba. Abin da aka keta shi ne sutura, wato ikon mutum na zaɓar wanda zai gan shi da kuma halin da za a gan shi a ciki. Duk lokacin da na yi wa abokan aikina wannan bayani, sai wani ya ce ai wanda ba ya da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara. Wannan magana daga kuskuren fassara ta samo asali. Wanda ya faɗe ta ma ba zai yarda a cire ƙyauren banɗakinsa ba.

Hasali ma Hausa ta fi dokokinmu na boko zurfi a wannan fage. Dokar da muka gada ta raba duniya gida biyu, wurin jama'a da wurin keɓe. Gidan Bahaushe kuwa hawa-hawa ne: akwai ƙofar gida, akwai zaure, akwai shigifa, akwai tsakar gida, akwai ɗaki, akwai ƙuryar ɗaki, kuma kowane mataki da irin mutanen da ke iya taka shi. Yaro ƙarami yana ratsawa har ƙurya, ɗan garuwa yana kai wa bakin randa bayan ya yi sallama an kimtsa, aminin maigida iyakarsa zaure ko da sun shekara sittin tare. Haka nan fi'ilan ido. Gani daban, kallo daban, hange daban, leƙe daban, ƙura ido daban. Ba a zargin mutum don ya gani, domin ido ba ya da linzami, amma ana zarginsa in ya tsaya kallo, ana kuma hukunta shi in ya yi leƙe. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan zato guda, cewa ido daga ƙasa yake zuwa, a tsayin mutum, ko a ce mutum bisa doki ko raƙumi. Shi ya sa muka zuba ƙarfinmu a katanga da darni da zaure mai karkatacciyar ƙofa, muka rubuta “ba shiga”, muka bar sama a buɗe don iska da rana da shanya.

Kada a ɗauka cewa magabata ba su yi tunanin idon da ke zuwa daga sama ba. Alƙur'ani ya yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur, ya kuma hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurat, hadisi kuma ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Malaman Malikiyya suka gina babi guda a kan cutar da tsinkaye ke jawowa. Sun ruwaito cewa da wani ya gina bene a Masar ya buɗe taga, Halifa Umar ya rubuta cewa a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Sun tattauna hukuncin ladanin da hasumiyarsa ke kallon gidaje, da na mai bishiyar da zai hau ya tsinki 'ya'ya, suka ce sai ya sanar da maƙwabta kafin ya hau. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibn al-Rami ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi tun ƙarni na 14.

Ba sai mun je Tunis ba ma. A nan Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Alƙali Idris ɗan Khalid ya kammala wani littafi a 1836 inda ya tara muhimman mas'alolin da alƙalai ke bukata wajen raba gardama, ciki har da na gini da maƙwabtaka, kuma masana biyu, Besim Hakim da Zubair Ahmed, sun yi nazarinsa a wata maƙala da suka buga a 2006. Wannan fiƙihu bai tsaya a takarda ba, ya sauko cikin al'ada. Ina yaro, duk ranar da za a yi yaɓen rufin ɗaki ko a hau kuka a ciro ganye, ni ake aika gidajen da ke kewaye in ce, “Wai a gaya wa mata za a hau bisa.” Sai a ba su lokaci su kimtsa. Babu ɗan sanda, babu takarda, amma maginin da ya hau bai aika ba, ba zai sake samun aiki a unguwar ba. Ni da aka aika da wannan saƙo sau ba adadi, ni ne na biya kuɗi aka hau bisa gidaje goma ba tare da na aika ko ɗaya ba.

Turawan da suka ƙera na'urar su ma sun sha fama da tambayar Baffa, wato ina iyakar gidan mutum ta sama. A Amurka, a 1946, wani mai kiwon kaji da ake kira Causby ya yi nasara a Kotun Ƙoli bayan jiragen soja da ke wucewa ƙafa 83 bisa gonarsa sun firgita kajinsa har wajen 150 suka mutu. Kotu ta ce sararin da ke dab da ƙasa na mai ƙasar ne, ko da yake can sama hanyar kowa ce. A Ingila kuwa, a 1977, Lord Bernstein ya kai ƙarar kamfanin da ya ɗauki hoton gidansa daga jirgi, ya sha kaye, domin alƙali ya ce ikonsa bai wuce tsayin da yake bukata don amfanin gidansa na yau da kullum ba. Waɗannan hukunce-hukunce na zamanin manyan jirage ne, masu wucewa can nesa cikin ƙiftawar ido. Ba a yi su don abin da zai tsaya cik a tsayin bishiyar darbejiya yana zuƙo fuskar mutum ba. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta gyara dokarta a 2015 ta mai da shiga sararin saman gidan mutum don ɗaukar hotonsa laifin kutse, Tarayyar Turai kuma ta wajabta rajista ga mai jirgin da ke ɗauke da kyamara ko da bai kai giram 250 ba, in dai ba abin wasan yara ba ne. A watan Fabrairun 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa dandalin kallo na gidan zane-zanen Tate Modern, inda dubban baƙi ke tsinkayar cikin gidajen maƙwabta, cutarwa ce da doka ta hana. Da na karanta wannan hukunci sai na tuna da gadon Halifa Umar, na yi murmushi.

Inda maganar ta fi wuya shi ne wajen gida, kuma ba zan ɓoye cewa ni kaina na sauya ra'ayi fiye da sau ɗaya ba. Wanda ya fito kasuwa ko filin idi ya san za a gan shi, ba zai ce a rufe ido ba. Amma akwai bambanci tsakanin ganin mutanen da ke tare da kai a wurin, waɗanda kai ma kana ganinsu, da kuma kallon wanda ba ka san inda yake tsaye ba, wanda zai adana hotonka ya kai shi gaban mutum dubu ɗari. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta amince da wannan bambanci a 2003, a shari'ar wani Bature mai suna Peck, wanda kyamarar titi ta ɗauke shi cikin mawuyacin hali aka kuma watsa a talabijin. Kotu ta ce kasancewarsa a kan titi bai halatta a nuna shi ga duniya ba. Mu kuma muna da wurare da dama da doka za ta kira na jama'a, al'ada kuwa ta san ba haka ba ne. Lungun da aka toshe da tabarmi don mata su yi wunin biki titi ne a taswira. Bakin gulbi inda mata ke wanka da wanki ba mallakar kowa ba ne. Haka maƙabarta a lokacin da ake saka mamaci. Namijin da ya san ya kamata yana sauya hanya in ya doso irin waɗannan wurare, ba don an kafa allo ba.

Duk da haka ina tsoron masu cewa a haramta abin baki ɗaya, ina kuma ƙara tsoron irin dokar da 'yan majalisarmu za su iya rubutawa in aka bar su su kaɗai. Lokacin ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, hoton sama yana nuna girman ɓarnar fiye da kowane jawabi. Tun 2022 jiragen kamfanin Zipline suka fara kai magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna. Ɗan jarida na iya nuna hanyar da aka ce an gama alhali ba a fara ba, ko makarantar da rufinta ya yaye, ko taron siyasar da aka ce ya cika ya batse alhali rumfa biyu ce. Ko shakka babu, in aka ce za a yi dokar kare sutura, waɗanda za su fara rugawa su fake a bayanta su ne masu katafaren gidajen da ba sa son a tambayi inda aka samo kuɗin gina su, da 'yan kwangilar da ba sa son a ga aikinsu. Sai a wayi gari an kama ɗan jarida da sunan kare mata, matan kuwa ba a kare su ba. Ita ma hukuma ba a bar ta haka nan ba a wasu ƙasashe: a watan Mayun 2020 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta dakatar da 'yan sandan Paris daga sa ido da jirage a lokacin kullen korona saboda babu dokar da ta tsara hakan, sai da aka koma majalisa aka yi ta. A nan gida wa ya taɓa tambayar inda hotunan da jami'an tsaro ke ɗauka suke zuwa, da tsawon lokacin da ake ajiye su?

To me jiha irin Kebbi za ta iya yi? Harkar sufurin sama tana cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka majalisar jiha ba ta da ikon cewa ga wanda zai tashi ga wanda ba zai tashi ba. Amma kutse da leƙe da yaɗa hoton mutum cikin halin da bai yarda ba, waɗannan laifuka ne da jiha ke da hurumi a kansu, kuma tana da kotunan majistare da na shari'ar Musulunci a kusa da jama'a. Abin da nake ganin ya dace shi ne a rubuta a fili cewa ɗaukar hoton cikin gidan da ke da katanga ko darni daga sama ba da izinin maigidan ba daidai yake da tsallaka katangar, a kuma tsananta hukunci ga wanda ya yaɗa. A ba alƙali ikon sauraron irin wannan ƙara a keɓe, don kada neman haƙƙi ya zama tonon asiri na biyu. A kuma keɓe aikin jarida a kan gine-ginen gwamnati da ayyukan kwangila da tarukan siyasa da kalmomin da ba za a iya murɗa su ba. Ita kuma NCAA, da za ta sauƙaƙa rajistar ƙananan masu sana'a, ta fassara ƙa'idojinta da Hausa a shafi biyu, ta bi ta hannun ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto, da ta san su, su ma sun san ta.

Ban ce sai an jira majalisa ba. Hakimi da dagaci da limamin Juma'a za su iya dawo da saƙon da aka riƙa aikena da shi: wanda zai tayar da jirgi a gari ya sanar da mai unguwa kwana guda kafin nan, a aika gidajen da abin zai ratsa, a faɗi lokaci, kuma uban biki ya kalli bidiyon tun daga farko har ƙarshe kafin ya fita daga hannun mai ɗauka. Na ƙarshen nan shi ne wanda da na yi shi, da duk wannan bai faru ba. An turo mini bidiyon ina ofis, na kalli minti biyu na farko, na ga kaina cikin babbar riga, na tura wa 'yan'uwa.

Matashin ya sauke guntun daga TikTok a daren da na kira shi, ya kuma zo da kansa har zaure ya durƙusa. Bai yi da mugun nufi ba, hankalinsa na kan jerin motoci, bai ma lura da abin da ke gefen hoton ba. Amma abin da ya shiga wayoyi ya shiga. Sai da yayana da limamin unguwa suka yi sawu biyu zuwa gidan surukan kafin maganar auren yarinyar ta daidaita, aka ɗaga ranar da wata biyu. Baffa ya sayar da tunkiya ya sayi kwano ya rufe makewayin, ya kuma ja buhunan da aka ɗinke a kan wajen wanki, ga shi yanzu tsakar gidan ba ta samun iska kamar da.

Da aka tashi auren ƙanen amaryar a 2025, aka sake ɗora mini nauyin mai hoto. Na baro Kalgo tun ana saura kwana biyu, na ɗauki ɗan yayana muka bi gidaje tara da ke kewaye da namu ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka ce ba komai, in dai za a faɗi lokaci. Biyu suka ce ba su yarda ba, ɗaya daga ciki gidan Baffa ne. Da muka duba yadda gidajen suke, babu ta inda jirgin zai tashi ya ɗauki ƙofar gidanmu bai hango tsakar gidansa ba. Aka yi bikin da kyamarar hannu, mai hoton kuma ya riƙe kuɗin jirgin da na riga na ba shi, ya ce ai shi ya zo da shi.